Shekarar da Na Rage Wake a Kwano

Na daɗe ina jin ku kuna gaya wa mutane cewa kamfanin nan na manhajar makiyaya ya ci amanata, wai na yi musu wahala suka watsar da ni da tsufana. Ko a bikin ƙanwarku na ji babbanku yana faɗa wa surukanmu haka, ina zaune ina jinsa. Ni na bar ku da wannan labari, domin ya fi mini daɗin ji. Yanzu gwiwoyina sun ƙi, idona ya fara hazo, kuma na gaji da ɗaukar abin. Ku karanta wannan babi a hankali, sannan ku daina faɗar waccan magana.

Kun san ni ba mai zurfin boko ba ne. Malamin gona na yi har na yi ritaya, kullum ina bisa babur tsakanin Azare da Zadawa da Dambam da Udubo, ba rugar da ban sha nono a cikinta ba. Ina zaune a gida sai wani injiniya daga Kano ya kama haya a wani bene kusa da tasha, ya tara matasa biyar masu aikin kwamfuta. Manhaja suke haɗawa wadda za ta riƙa kiran wayoyin makiyaya da saƙon murya, da Hausa da Fillanci, tana gaya musu ranar da likitan dabbobi zai zo mashayarsu da allurar rigakafi. Matasan sun san kwamfuta, amma ba su san ruga ba. Hajara ce ta ba da sunana. Ita ce 'yar marigayi Malam Buba na Udubo, aminina, wanda muka ci kwano ɗaya shekara da shekaru. Ta yi karatun kwamfuta a Kano, kuma ita aka ba tsara aikin ofishin. Nawa aikin shi ne in faɗi abin da makiyayi yake buƙata, da wanda za a fara yi.

Yadda suke aiki ya ba ni mamaki da farko. Ba a tsara shekara gaba ɗaya. Mako biyu biyu ake ɗauka, suna kiransa zango. A farkon kowane zango sai a zauna, a rubuta ayyuka a ƙananan takardu a manna a allo, a kimanta kwana nawa kowanne zai ci, a ɗauki iya abin da zai shiga mako biyun. Ni kuwa da na saba da gona, in aka karanta aiki sai in ce wannan ai kwana biyu ne. Sai wani ya ce, to Malam, in sha Allahu. Ba wanda ya taɓa musa mini. Ina da furfura, na girmi iyayen wasunsu. Zango ya ƙare rabin takardun suna nan manne inda aka sa su, in yi ta faɗa, su sunkuyar da kai. Haka muka yi wata biyu.

Wata Litinin Hajara ta shigo da kwanon wake ta ajiye a tsakiyar tebur. Modu, wani Babarbare mai yawan barkwanci, ya leƙa ciki.

"Yau kuma alale za ki yi mana, Bafillatana? Ashe kun san wani abinci bayan nono."

"Da kai saniya ne da na huta, Modu," in ji ta. "Saniya ba ta cewa kwana biyu alhali ta san takwas ne."

Ta bayyana mana. In aka karanta aiki, kowa ya ɗebi wake, ya sa hannu ƙarƙashin tebur, ya damƙe adadin kwanakin da yake gani a zuciyarsa. Sai a ƙirga uku, a buɗe hannu tare. Wanda ya fi yawa da wanda ya fi kaɗan su faɗi dalilinsu, ƙarami ya fara magana, babba ya rufe, sannan a sake damƙewa. Ta kuma ja layi a gefen allo, inda za a riƙa rubuta kwanakin da muka ce da kwanakin da aikin ya ci a zahiri, a bar su a nan kowa yana gani. Na tambaye ta meye amfanin wasan yara a wurin aiki.

"Baffa, ba na tilasta wa kowa komai," ta ce. "Mutum yana bin hanyar da ta fi sauƙi ne. Yanzu hanya mafi sauƙi ita ce a yarda da kai. So nake faɗin gaskiya ya fi haka sauƙi."

Ranar farko na buɗe hannuna da wake biyu. Sadiƙu, wanda shi ne mai gwada manhajar kafin a sake ta, yaro ne mai kunya da ban taɓa jin ya haɗa jimla uku a gabana ba, ya buɗe nasa da tara. Aka kwashe da dariya, har shi. Ya yi bayani yana in'ina, kuma da ya gama na gane ban san komai a kan aikin ba. Aikin ya ci kwana takwas.

Akwai abu na uku da ta kawo wanda na ƙi jininsa tun ranar. Kafin a tashi sai ta ce mu ɗauka zangon ya ƙare, kuma aikin ya lalace gaba ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya lalata shi. Na ce wannan mugun fata ne, Musulmi ba ya zama yana kira wa aikinsa tsiya. Ta ce ai ko ni ina gaya wa manomi ya duba rumbunsa kafin gara ta shiga, ba wanda ya ce na yi masa baki. Abin dai ya zauna mini.

Gaskiya tsarin ya yi aiki. Cikin wata uku lambobin layin nan biyu suka fara kusantar juna. Aka daina faɗa. Sadiƙu ya koyi ɗaga kai. Injiniya ya zo daga Kano ya tsaya gaban allo yana yaba wa Hajara, ni ina gefe da hulata a hannu. Zan faɗa muku abin da na ji, ko da ba shi da kyan ji. Na ji an mayar da ni hannu ɗaya cikin hannaye shida. Na dawo gida ina huci, mahaifiyarku tana tankaɗe a tsakar gida.

"Malam, aikin yana tafiya ko ba ya tafiya?"

"Yana tafiya."

"To me ya ɓata maka rai?"

"Yarinyar da na je sunanta ce take koya mini lissafi da wake."

"Ka gode wa Allah da ba da duwatsu ba," ta ce, ta ci gaba da tankaɗenta.

Ana cikin haka, ana dab da girbi, aka gayyace ni suna a Udubo, a gidan Arɗo Jauro, shugaban makiyayan wajen, wanda kuma yayan mahaifiyar Hajara ne. Aka shimfiɗa mini buzu kusa da shi, aka yi ta gabatar da ni a matsayin mai injin da zai riƙa kiran kowa a waya. Arɗo ya tambaye ni a gaban jama'a ko abin zai fara kafin shanu su tafi kudu cin rani, domin yana so a yi musu allura kafin su kama hanya. Ban tambayi kowa ba. Ban buga wa Hajara waya ba, alhali wayar tana aljihuna. Na ce zai fara, nan da mako huɗu, ya sa a ransa an gama. Aka yi ta sa mini albarka. A kan babur ina dawowa na san aikin da ya rage ya fi ƙarfin mako huɗu, domin ni ma yanzu na iya karanta allon.

A nan ne laifina yake, kuma ina so ku fahimce shi da kyau, domin ban yi ƙarya ko ɗaya ba. Wannan shi ne abin da na riƙa gaya wa kaina shekaru. Hajara ta koya mini cewa ƙaramin abu yana juya mutum ba tare da ya sani ba. Sai na ɗauki karatun na juya shi. Na ce Litinin ina da uzuri, a mayar da zaman tsara zango ranar Juma'a da hantsi. Na san in ladan ya fara kira ba mai zama ya lissafa yadda aiki zai lalace. Na zo da wuri kafin kowa, na zuba wa kowa wake biyar biyar a gabansa, wai don kada a ɓata lokaci wajen ɗiba, na jawo kwanon na ajiye shi gabana, dab da gwiwar hannuna. Na ce duk mai son ƙari ga shi nan, ya miƙo hannu. Wa zai miƙa hannu ya tsallake dattijo? Kafin a fara kuma na ce Arɗo yana gaishe su, ya ce duk rugar ta dogara da su bayan Allah. Allon da ke da layin kwanakin baya na jingina shi fuskarsa tana kallon bango, na ce hasken taga yana kashe mini ido.

Zangon farko ya wuce a haka, ba wanda ya buɗe hannu da fiye da biyar. Bayan an watse Hajara ta tsaya tana tattara takardu, ba ta kalle ni ba.

"Baffa, da an mayar da kwanon nan tsakiya."

"Yana cizo ne a inda yake?"

"A'a. Amma ba a kai masa hannu."

"Hajara, ni na riƙe wa ubanki ragon sunanki. Yau ni ne za ki nuna wa inda zan ajiye kwano?"

Ta ce Allah ya huci zuciyata. Ta fita.

A zango na biyu aka zo kan aiki na ƙarshe, wato gwaji. Sadiƙu zai bi jerin garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ya sa manhajar ta kira waya a kowanne, ya tabbatar saƙon da ya isa na garin ne. Aka karanta takardar. Hajara ta miƙe tsaye, ta miƙo hannu ta gaban fuskata, ta ɗebi wake uku daga kwanon. Aka buɗe. Ita takwas, Sadiƙu biyar, iya abin da yake da shi ke nan, Modu huɗu, sauran biyun uku uku, ni biyu. Ta fara bayani, ta ce jerin garuruwan da hannu aka shigar da shi, kuma ba a taɓa duba shi ba. Ban katse ta ba. Agogona kawai na duba, na ɗauki dardumata na saɓa a kafaɗa. Lasifikar masallaci ta fara. Modu ya ce a yi sauri kada Bafillatana ta sa su rasa sahu, ba wanda ya yi dariya. Aka sake damƙewa. Uku, uku, uku, uku, biyu. Hajara ta daɗe ba ta buɗe nata ba, da ta buɗe huɗu ne a ciki. Aka rubuta uku. A kwana uku Sadiƙu ya gwada garuruwan da ke saman jerin, sauran ya bar su.

Aka saki manhajar a ranar da na yi alkawari. Ashe a ƙasan jerin layi ɗaya ya zame, saƙon Zadawa ya tafi wayoyin Udubo. Ranar Talata tun da safe makiyayan Udubo da rugagen kewaye suka kora shanunsu zuwa mashaya ɗaya, kamar yadda muryar ta gaya musu da Fillancinsu. Likita kuwa yana Zadawa, ya tarar ba kowa. Kwana biyu garkuna suna cuɗe da juna suna jira, domin Arɗo ya ce kada kowa ya tafi, Malam ya yi alkawari. A cikin shanun akwai masu ciwon huhu da ba a sani ba. Ba a ga komai ba sai bayan makonni, suna kan hanyar kudu, suka fara tari suna faɗuwa. Arɗo ya rasa mafi kyawun garkensa. Mahaifiyar Hajara, Inna Dija, tana da shanu biyu da Malam Buba ya bar mata, duka suka tafi.

Injiniya ya zo ya tara mu a ɗakin nan na bene. Ba mai faɗa ba ne, a hankali ya yi tambaya. Ya ce wa ya yanke wa gwaji kwana uku. Kowa ya dubi tebur. Ni ne babba, ni aka jira.

"Ranka ya daɗe, ai ba mutum ɗaya ke yankewa ba," na ce. "Tsarin wake ne. Kowa ya damƙa, aka buɗe, aka rubuta. Ni hannu ɗaya gare ni."

Ya juya ga Hajara ya ce haka ne? Na ga Sadiƙu ya buɗe baki, ya dube ni, ya rufe. Hajara ta ce haka ne, tsarinta ne, kuma ita ta rubuta ukun da hannunta. Ba ta ambaci kwano ba, ba ta ambaci Juma'a ba. A ƙarshen watan aka sallame ta. Ni na ƙara shekara guda a wurin. Makiyaya sun daina ɗaukar kiran manhajar, kamfanin ya rufe ofishin Azare, kowa ya kama gabansa. Wannan ita ce korar da kuke ba da labarinta.

Abin da ba ku sani ba shi ne yadda Udubo ta ɗauki maganar. A can ba a ce kamfani ba, ba a ce Malam ba. Cewa aka yi 'yar Buba ta je boko ta dawo ta kashe shanun kawunta da wasan wake. Mata suka daina shiga wajen Inna Dija. Hajara ta sami aikin koyarwa a Dambam, ta yi aure a can, ta daina zuwa gida ko da salla. Ni kuwa duk zuwana Udubo sai an shimfiɗa mini buzu, ana tausaya mini wai yara sun kunyata ni. Ina amsawa da cewa ƙaddara ce. Mahaifiyarku ta taɓa tambayata sau ɗaya, muna shan kunu, me ya sa Hajara ba ta ƙara taka gidan nan ba. Na ce aiki ya yi mata yawa. Ta dube ni har kunun ya huce, ba ta sake tambaya ba har ta koma ga Allah.

Bara, bayan na tashi daga jinyar nan, na sa aka kai ni Dambam. Na same ta a ƙofar gida tana shanya kayan yara. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar jiya muka rabu, ta kawo ruwa. Na fara jero abin da na yi ɗaya bayan ɗaya, ta dakatar da ni.

"Baffa, na sani. Ina wurin."

"To me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa baƙo daga Kano cewa aminin babana ne? Da wane baki?"

Na roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe tun tuni, don ta sami barci. Na ce me zan yi. Ta murza bakin mayafinta.

"Ni ba na buƙatar komai. Amma Inna ta rasu tana cewa in nemi gafarar Kawu. In kana da ƙarfi, ka je ka faɗa inda ka yi alkawarin."

Na je ranar kasuwar Udubo. Arɗo Jauro ya tsufa, ba ya gani sosai, aka fito da shi ƙofar gida. Na ƙi zama a buzu. Na tsaya da sandata na faɗi komai da Fillancina na malamin gona, tun daga alkawarin har zuwa amsar da na ba Injiniya. Mutanen da suka taru ba su kai ashirin ba. Rabinsu matasa ne da ba su san zancen ba, wani yana ta danna waya. Wani dattijo ya ce ai abin ya wuce, me ya kawo tone-tone. Da na gama Arɗo ya sa aka kira jikarsa, ya ce ta nemo masa lambar Hajara. Sannan ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina.

"Malam, ka zo da maganarka, mun ji. Amma Dija tana bayan garin nan, ƙarƙashin aduwa. Shekara uku ka makara."

Na sa aka kai ni bayan garin. Na yi mata addu'a, na tsaya har ƙafata ta gaza, direba ya kama ni muka koma mota.

Hajara ta je Udubo da sallar layya da ta wuce, ita da 'ya'yanta, an ce Arɗo da kansa ya sa aka yanka mata rago. Gidan nan dai ba ta zo ba, ban kuma aika a kira ta ba. In Allah ya sa ta zo ranar da za ku ɗauke ni zuwa makwancina, kada ku bar ta a tsakar gida cikin 'yan gaisuwa. Ku shigar da ita ɗakin mahaifiyarku, babbanku ya durƙusa ya gaishe ta, ko da ya girme ta.